Matar da Ta Zaɓi Kurkuku a Kan Ɗakin Miji

A watan Maris na 1887 wani alƙalin Babbar Kotun Bombay mai suna Farran ya yanke hukunci a kan wata mace 'yar shekara 22 da ake kira Rukhmabai. Ya umarce ta da ta tare a gidan mutumin da aka ɗaura mata aure da shi tun tana 'yar shekara 11, in kuwa ta ƙi, to ɗaurin wata shida yana jiranta. Amsar da ta bayar ita ce ta gwammace zaman kurkukun. Ba a kai ga ɗaure ta ba, a wancan lokaci da Ingila ke mulkin Indiya, amma shari'ar ta ɗauki shekara huɗu tana tayar da ƙura daga Bombay har Landan. Na daɗe ina juya wannan labari a raina, kuma abin da ya fi riƙe ni a cikinsa shi ne yadda kusan kowa, masu goyon bayanta da masu adawa da ita, suka yi ta neman dalilin da zai halatta mata ƙin mijin ko ya haramta mata, kamar dai ƙin da ta yi da bakinta bai isa dalili ba. Ni kuwa ina ganin ya isa.

Wanda zai fahimci auren sai ya fara duba gidan da ta tashi. An haife ta a Bombay ranar 22 ga Nuwamba 1864. Mahaifinta, Janardhan Pandurang, ya rasu tana da kimanin shekara biyu, ya bar mahaifiyarta Jayantibai da ƙuruciyarta da kuma dukiyar da ya mallaka. A yawancin manyan dangogin Hindu na wancan zamani matar da mijinta ya mutu ba ta sake aure har ta koma ga Mahaliccinta, sai dai dangin su Jayantibai na masassaƙa ne, kuma al'adarsu ta yarda da auren zawarawa. Bayan shekara shida ta auri Dokta Sakharam Arjun, likita wanda shi ma matarsa ta rasu, wanda kuma yake koyar da ilmin tsirrai a kwalejin likitanci ta Grant. Kafin wannan aure sai aka mayar da dukiyar marigayin zuwa sunan 'yarsa. Ke nan tana 'yar shekara takwas, ga ta marainiya, ta zama agola a gidan mijin uwa, ta kuma zama mai dukiya, kuma duk wanda ya san zaman gida ya san cewa yarinyar da ta haɗa waɗannan abubuwa uku idanu da yawa ne a kanta.

Da ta kai shekara 11 aka ɗaura mata aure da Dadaji Bhikaji, saurayi ɗan shekara 19, ɗan'uwan mijin uwarta. Lissafin da manya suka yi ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne wanda muke kira tuwona maina: yaron na gida ne, ba shi da ƙarfi, za a jawo shi cikin gida a ba shi ilmi har ya zama mutum, yarinya ba za ta yi nisa da uwarta ba, dukiya kuma ba za ta fita waje ba. Ya kamata a lura da wanda ya ƙulla wannan aure. Sakharam Arjun ba azzalumi ba ne, ba kuma jahili ba. Mutum ne mai ilmin zamani, mai hulɗa da masu neman gyaran al'umma, kuma shi ne daga baya ya tsaya wa yarinyar tsayin daka. Idan ana maganar auren dole, hoton da ke zuwa wa mutane shi ne na uba mai kwaɗayi da ya sayar da 'yarsa ga tsohon attajiri. Akwai irin wannan, amma mafi yawan auren dole masu ƙaunar yarinya ne suke ƙulla shi, da kyakkyawar niyya, suna ganin sun tsara mata rayuwa. Wannan ne ma ya sa yake da wuyar warwarewa, domin yarinyar da ta ƙi ba da maƙiyi take faɗa ba, da mutanen da suka raine ta take yi, kuma kowa zai ce mata butulu.

Lissafin bai tafi yadda aka so ba. Dadaji bai yi karatun ba. Da mahaifiyarsa ta rasu sai ya koma gidan kawunsa Narayan Dhurmaji, gidan da dangin Rukhmabai suke ganin bai dace da zaman 'yar mutunci ba, ya kuma shiga bashi, lafiyarsa ma ba ta da ƙwari. Lokacin da yarinyar ta balaga aka fara maganar tarewa, sai mijin uwarta, wanda a matsayinsa na likita ya san abin da tarewar wuri ke yi wa jikin yarinya, ya hana. Ta ci gaba da zama a gida tana karatu da littattafan da take arowa daga ɗakin karatu na wata mishan, tana kuma bin mahaifiyarta zuwa tarukan masu neman gyara irin na Prarthana Samaj. Shekaru suka yi ta wucewa, tazarar da ke tsakaninta da mijin da ba ta taɓa kwana a ɗakinsa ba tana ƙara faɗi, har ta zama cikakkiyar mace da ta san abin da take so. A watan Maris na 1884 lauyoyin Dadaji suka aika wa Sakharam Arjun takarda cewa ya daina hana shi matarsa, daga nan magana ta tafi kotu.

Dokar da aka kai ƙarar a ƙarƙashinta tana da tarihi mai ban mamaki. A taƙaice doka ce da ke ba miji ko mata damar neman kotu ta tilasta wa abokin zaman da ya ƙaurace ya dawo, wato biko ne, sai dai alƙali ke yin sa da sandar hukuma a hannu. Wannan doka ba daga littattafan addinin Hindu ta fito ba. Daga kotunan cocin Ingila ta samo asali, Turawan mulki suka shigo da ita Indiya, suka kuma haɗa ta da hukuncin ɗauri ga wanda ya ƙi bin umarnin kotu. A shekarar 1884 ɗin nan da aka fara rigimar, majalisar Ingila ta soke ɗauri a kan irin wannan ƙara a ƙasarta, amma aka bar shi yana aiki a Indiya. Saboda haka waɗanda suka tashi suna cewa suna kare al'adar kakanni daga shisshigin Bature, makamin da ke hannunsu na Bature ne, wanda shi Baturen ya riga ya ji kunyarsa ya ajiye a gida. Kafin zuwan kotunan Turawa, abin da dangi za su iya yi wa macen da ta ƙi tarewa shi ne matsin lamba da ƙauracewa, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, amma ba su da gidan yari.

Alƙalin farko, Robert Hill Pinhey, ya ga wannan sarai. A watan Satumba na 1885 ya kori ƙarar, ya ce dokar an yi ta ne domin ma'auratan da suka yi aure da yardarsu suka kuma zauna tare, kuma zai zama rashin imani a tilasta wa mace baliga ta je ta kwanta da mutumin da take ƙi saboda auren da aka ɗaura mata tun ba ta san komai ba. Mai jin Hausa zai fi kowa saurin gane hujjarsa, domin harshenmu ya raba ɗaurin aure da tarewa, ya kuma san cewa ana biko ne ga matar da ta yi yaji, yaji kuwa sai wadda ta taɓa zama a ɗaki take yin sa. Rukhmabai ba ta taɓa tarewa ba, don haka babu inda za a mayar da ita. Sakharam Arjun bai ga wannan hukunci ba, domin ya rasu a farkon wannan shekara, ya bar ta da mahaifiyarta da kakanta na wajen uwa a tsakiyar rigimar.

Hukuncin ya tayar da hankalin masu ra'ayin riƙau. Bal Gangadhar Tilak, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan jagororin neman 'yancin Indiya, ya yi amfani da jaridunsa na Pune wajen sukar ta, yana cewa taurin kanta sakamakon ilmin Turawa ne, kuma idan aka bar wannan hukunci ya tsaya to addinin Hindu yana cikin haɗari. Aka ɗaukaka ƙara, manyan alƙalai suka soke hukuncin Pinhey a 1886 suka mayar da shari'ar a sake ji, har ta faɗa hannun Farran. Ba na son in yi wa Tilak rashin adalci. Mutumin da baƙi suka mamaye ƙasarsa, suka karɓe sarauta da haraji da kotu, yana da dalilin jin tsoro idan ya ga sun fara leƙa cikin ɗakunan aure, kuma Turawa da yawa sun yi amfani da labarin Rukhmabai wajen nuna cewa Indiyawa ba su isa su mulki kansu ba. Mu ma da muka ɗanɗana mulkin mallaka mun san wannan salo. Inda na rabu da shi shi ne wurin wanda aka ɗora wa nauyin kare martabar al'umma. Maza irinsu Tilak sun yi karatun Turanci, sun karanta dokar Ingila, sun kafa jaridu irin na Turawa, ba wanda ya ce addini ya rushe. Sai da mace ɗaya ta karanta littattafai ta ce ba ta son mijin da aka zaɓa mata, sannan aka ga rushewar addini.

Wurin da na fi son in tsaya shi ne yadda masu goyon bayanta suka kare ta. Yawancinsu sun mayar da hankali a kan aibin Dadaji: jahili ne, matalauci ne, mai ciwo ne, gidan kawunsa ba na kirki ba ne, ita kuwa mai ilmi ce mai tarbiyya. Shi ma ɓangarensa ya mayar da martani da irin wannan harshe, yana cewa danginta suna riƙe da ita ne domin kada dukiyarta ta kuɓuce musu, su kuma suna cewa dukiyar ce shi da kawunsa suke hange. Duk wannan yana iya zama gaskiya, amma idan aka gina hujja a kansa to an yarda ke nan cewa da Dadaji mai digiri ne, mai lafiya, mai gidan kansa, da wajibi ne ta tare ko tana so ko ba ta so. Wannan ne abin da ban yarda da shi ba. Aure zama ne na dare da rana, jiki da jiki, kuma mace baliga mai hankali da ta ce ba za ta iya wannan zama da wane ba ta gama bayani, ko da wanen waliyyi ne. Idan aka ce sai ta kawo shaidar cewa yana da kuturta ko hauka ko yana dukanta kafin a saurare ta, an mayar da ita mai ƙara da ke neman alfarma a kan jikinta, an kuma tilasta mata ta ci mutuncin mutumin da wataƙila laifinsa kawai shi ne ba ta son sa. Dadaji kansa ya ga wannan, domin jaridu sun yi shekaru suna tallan talaucinsa da ciwonsa, alhali shi ma yana saurayi ɗan shekara 19 manya suka ƙulla masa auren.

Ita kanta ta fi lauyoyinta fahimtar lamarin. A 1885 ta rubuta wasiƙu a jaridar Times of India ba da sunanta ba, ta sa hannu a matsayin wata mace 'yar addinin Hindu, inda ta yi magana a kan auren ƙuruciya da kuma tilasta wa zawarawa zaman takaba na har abada. A ciki ta ce wannan al'ada ta rushe mata farin cikin rayuwa, ta shiga tsakaninta da abin da ta fi ƙauna, wato karatu. Ba ta tsaya a kan halin mijinta ba, ta yi magana ne a kan tsarin da ke yanke wa yarinya hukuncin rayuwa tun kafin ta san ma'anar aure. Bayan hukuncin Farran ta kai kukanta har gaban Sarauniya Biktoriya tana neman a gyara dokar.

Ƙarshen shari'ar sulhu ne. A watan Yuli na 1888 Dadaji ya karɓi rupi 2,000 ya janye duk wani haƙƙi da yake da'awa a kanta. Musulmi zai ce ai wannan ya yi kama da hul'i, kuma akwai kama, sai dai a hul'i mace tana mayar da sadakin da ta karɓa a auren da ta shiga, ita kuwa Rukhmabai ta biya kuɗi ne domin ta fanshi kanta daga alkawarin da wasu suka ɗauka da sunanta. Ta samu ta biya saboda mahaifinta ya bar mata gado, tana da dangi masu ilmi, akwai kuma kwamitin manyan mutane da aka kafa domin kare ta. Kotu ba ta taɓa cewa tana da gaskiya ba bayan Pinhey, hukuncin Farran yana nan a rubuce, kuma duk yarinyar da ba ta da rupi 2,000 ta ci gaba da zama a ƙarƙashinsa.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Addininmu daban ne da nasu, dokokin aurenmu ma daban, kuma a wurinmu akwai ƙofar saki da ta hul'i waɗanda matan manyan dangogin Hindu na wancan lokaci ba su da su. Duk da haka duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa ba tare da izininta ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba idan ana muhawara ta gaskiya. Haka kuma wanda ya karanta Muwaɗɗa ko Bukhari ya san labarin Khansa'u 'yar Khidam, bazawarar da mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. A ruwayar ba a ce an tambaye ta aibin mijin ba. Malamai sun yi bayani mai tsawo a kan bambancin budurwa da bazawara, kuma ba ni da matsayin da zan yanke a tsakaninsu, amma abin da nake gani a unguwanni ba ya bukatar fatawa. Yarinya ta gudo gida, a mayar da ita, ta sake gudowa, a sake mayar da ita da duka ko da barazanar tsinuwa, kowa yana tambayarta abin da ya yi mata, yana ba ta abinci, yana yi mata sutura, to me take nema. Idan ta ce ba ta son sa ne kawai, sai a ce ba ta da hujja, ta yi haƙuri. Wannan ita ce tambayar da aka yi wa Rukhmabai a Bombay, da harshe daban. Ita dokar bikon kotu ma ba ta mutu ba: Ingila ta soke ta gaba ɗaya a 1970, a shekarar da Nijeriya ta sa ta cikin dokarta ta shari'un auren rajista, Indiya kuma ta rubuta ta a dokar auren Hindu ta 1955, ko da yake yanzu ba a ɗaure kowa a kanta.

Abin da Rukhmabai ta zama daga baya sananne ne. Da taimakon mutane irinsu Dokta Edith Pechey ta asibitin Cama ta tafi Landan a 1889 ta shiga makarantar koyon likitanci ta mata, ta kammala a 1894, ta dawo gida ta zama ɗaya daga cikin matan Indiya na farko da suka yi aikin likita, ta yi shekaru da yawa tana shugabantar asibitin mata a Surat, daga baya a Rajkot. Ana yawan kawo wannan a matsayin hujjar cewa ta yi daidai, ni kuwa ina ɗari-ɗari da wannan hujja, domin tana nufin sai yarinyar da za ta zama likita ce ta cancanci a ji ƙinta. Da ta ƙare rayuwarta tana tuƙa tuwo a gidan uwarta, da ƙin nata bai ragu da komai ba. A 1890 aka yi wata shari'a a Kalkata a kan wata yarinya mai suna Phulmoni, wadda ba ta wuce shekara 11 ba, ta mutu sakamakon zubar jini bayan mijinta, babban mutum, ya kusance ta. Ba a iya kama shi da laifin fyaɗe ba, domin dokar lokacin ta sa iyakar shekarun da za a iya kusantar yarinya a shekara 10, sai aka ɗaure shi shekara ɗaya a kan wani laifi mai sauƙi. Phulmoni ba ta rubuta wa jarida wasiƙa ba, ba ta da gado, ba wanda ya kafa kwamiti dominta tana raye. Gawarta da shari'ar Rukhmabai ne suka tura gwamnati ta ɗaga iyakar zuwa shekara 12 a 1891, Tilak kuma ya yi adawa da wannan ma. Sai a 1929 aka yi dokar da ta hana aurar da yarinya kafin shekara 14.

Dadaji ya sake aure shekara guda bayan sulhun, kamar yadda al'ada ta ba shi dama tun farko ko da bai janye ƙarar ba. Ita kuwa ba ta ƙara aure ba har ta rasu ranar 25 ga Satumba 1955 tana da shekara 90. Kuɗin da ta biya ya saya mata 'yancin zama inda take so, amma a idon jama'arta ɗaurin auren da aka yi tana 'yar shekara 11 bai kwance ba. Da labarin mutuwar Dadaji ya iso mata a 1904, likitar ta Surat ta ajiye tufafinta masu launi ta ɗaura farin zane irin wanda matan Hindu ke ɗaurawa idan mijinsu ya mutu.